Buhun Gishiri da Idon Gwamnati

Dushanbe, 3 ga Afrilu

Zuwa ga Baffa Oshurbek,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Inna Sabzagul da duk mutanen Tangdara. Yaya gwiwar? Mu nan lafiya lau, ni da jikarka Parwona. Ta shiga aji uku, surutu kuwa sai ka ce rediyo. Ubanta tun da ya tafi Rasha neman aiki, shiru kake ji.

Na san za ka ce, yau kuma wace rana, Nekbaht ta tuna da mu? Gaskiya ne, rabona da rubuto maka tun rasuwar Babana. Amma kakanku ɗaya da shi, ba ni da wani baffa bayan kai. Ban kira waya ba don wayoyin ofishinmu kunnuwa gare su, shi ya sa na ba direba Hushwaht takardar.

Ka ga farin balan-balan ɗin nan da sojoji suka ɗaure da igiyar ƙarfe a bayan garinku? Ma'aikatarmu ce ta ba wani kamfani kwangilarsa. Akwai kyamara a ƙarƙashinsa, wai ko ɓera ya tsallako kogin Panj da farar hoda sai ta gan shi. Ba sai na gaya maka abin da hodar nan take yi wa gidaje ba, Allah Ya jiƙan ɗanka Shodmon. In wannan ya ci jarrabawa, za a sayi goma sha biyu a jera su a bakin iyaka.

Jarrabawar ita ce: mutum ɗaya da jaki zai ɗauki buhun gishiri daga tsohuwar gada zuwa gidan niƙa, sau uku a ranaku daban-daban, kamar shi ne mai fasa-ƙwauri. Da farko takardar kwangila ta ce sai an gano shi duka ukun. Aka je cin abinci da mutanen kamfani, ta koma biyu. Aka sake zuwa, ta koma ɗaya. Da an je na uku, ina jin ko jakin ma ba za a nema ba.

Ni ce sakatariyar kwamiti, ni zan sa hannu na ƙarshe. Maigidana Kanar Boboyorof ya ce ranar da aka gama lafiya, zai sa sunana a gidan gwamnati mai ɗaki biyu. Baffa, shekara tara muna ɗaki ɗaya a masaukin ma'aikata, girki a baranda, banɗaki da layi. Da ya ce a nemo dattijon kirki mai jaki, sai na ce ai ina da shi.

Don Allah kada ka wahalar da kanka. Ka yi tafiyarka yadda ka saba, a hankali.

'Yarka,
Nekbaht

*

Tangdara, 16 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Nekbaht,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso a kwana huɗu. Da a zamanin da nake aikin gidan waya ne, da kwana biyu da rabi, kuma da ƙafa, amma ba komai. Rubutunki ya yi kyau, sai dai kin ninke takardar a karkace.

Muna lafiya. Gwiwa tana nan tana faɗa mini yanayin gari. Innarki haƙori ya hana ta ci, bai hana ta magana ba. Saniya ta haihu, mace. Tuffa ta yi fure, bishiyar tut mai 'ya'yan zaƙin nan ba ta fara ba tukuna.

Balan-balan ɗinku, mu nan Farar Saniya muke ce mata, tun da ɗaure take kuma sojoji shida ke kiwon ta. Tun da aka ce tana leƙen cikin gidaje, garin nan ya gyaru. Innarki ta share rufin ɗaki, abin da ban gani ba tun ina da baƙin gashi. Ta share ko'ina in ban da ɗakin Shodmon, wanda mabuɗinsa ke wuyanta har yau. In za ta shanya wanki sai ta yafa gyalen biki. Shekaranjiya na same ta a tsakar gida ta ɗaga gurasa sama da hannu biyu. Na ce, "Ke kuma lafiya?" Ta ce, "Bari gwamnati ta ga irin fulawar da ake sayar mana." Na ce ai ba a kafa ta don fulawa ba. Ta ce, "To don me take da ido?"

Maganar aiki kuwa, an yi na farko ranar sha huɗu. Laftanan sojojin, mutumin kirki ne mai ladabi, ya ba ni buhu a gada da sassafe, da takarda mai hatimi. Na sa tabarau na karanta. Takardar ta ce mai ɗaukar kaya ya zaɓi lokacin da ya so tsakanin fitowar rana da faɗuwarta, ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya isa ba a gan shi ba. Na ce madalla, yau ga takarda mai magana sarai.

Na koma gida na sha shayin madara da gishiri, na gyara katangar da akuya ta rushe, na ɗan kishingiɗa. Da lokaci ya yi na ɗaure hulata da ƙyalle, na ɗora wa Kwamared buhu (jakin nan dai da kika sani, ya tsufa amma bai canza ra'ayi ba), muka bi babbar hanya. Mai niƙa ya karɓi buhu ya sa mini hannu. Har na sha shayi kofi uku kafin Laftana ya iso yana haki, ya ce, "Baba, yaushe ka wuce?" Na ce ɗazu.

Kin ce in yi yadda na saba, to haka na yi. Shekara talatin da ɗaya ina ɗaukar jakar wasiƙu a duwatsun nan, ba a taɓa ba ni jaka ta kasa isa ba. Ki gaya wa Kanar ɗinku ya kwantar da hankalinsa, ba zan ba ki kunya ba.

Innarki ta ba Hushwaht busasshen tut na bara don Parwona. Ki auna, kilo biyu ne, don na san Hushwaht.

Baffanki,
Oshurbek

*

Dushanbe, 20 ga Afrilu

Baffa,

Gaisuwa mai yawa. Allah Ya raya 'yar maraƙa, Ya ba Inna lafiyar haƙori. Tut ya iso, kilo ɗaya da kwata.

Wayyo Baffa, me ka yi mini haka? Da rahoton Laftana ya zo, layi ɗaya ne kawai: ba a gano shi ba. Kanar ya kira ni ofishinsa, bai ce in zauna ba. Ya ce, "Na ce ki kawo mini tsoho, kin kawo mini aljani?" Na ce ranka ya daɗe, shekararsa saba'in da huɗu, ga ciwon gwiwa. Wakilin kamfani yana zaune a gefe, mai takalmi mai ƙyalli, ya ce lallai akwai ramin ƙarƙashin ƙasa a garinku, don na'urarsu ba ta kuskure. Har ya zana ramin a takarda.

Laifina ne, na yi maka hannunka mai sanda, kai kuwa mutumin hatimi ne. To bari in fito fili. Waccan takardar da Laftana ya ba ka, an rubuta ta ne don masu binciken fayil. Ba wanda yake so ka isa gidan niƙa. So ake a gan ka, a tare ka, a ɗauki hoto, kowa ya tafa. Ka bari a gan ka, Baffa! Ka tsaya a fili, ka yi tari, ka yi waƙa in ta kama.

Na je na leƙo gidan. Hawa na uku ne, taga biyu, famfo a ciki. Parwona ta riga ta zaɓi inda za ta sa teburin karatunta. Ban iya barci saboda son gidan nan, ba zan ɓoye maka ba.

Na biyu ranar talatin ga wata ne, Kanar da kansa zai zo da tawaga. Na roƙe ka don zumunci.

Nekbaht

*

Tangdara, 3 ga Mayu

'Yata Nekbaht,

Ina gaishe ki, ko da yake ke ba ki ga damar amsa tawa ba. Ko don dutsen da ya zaftare ya toshe hanya a ƙasan Darwoz ne? An ce motoci na can jere, fasinjoji na cin guzurin juna. A zamaninmu dutse bai taɓa hana wasiƙa wucewa ba, hawa kansa muke yi. Wannan zan ba wani mai babur da ke zagayawa ta sama.

Haƙorin Innarki ya fita, ta ce yanzu iska ta sami ƙofa. 'Yar maraƙa ta fara cin ciyawa.

Albishirinki. An yi na biyu, buhu ya isa.

Manyanku sun zo ta jirgi mai saukar ungulu da hantsi, su tara. Suka tsaya ƙarƙashin Farar Saniya suka ɗaga kai, huluna na faɗuwa, aka yi hotuna. Daga nan shugaban ƙauye ya kwashe su zuwa gidansa, don ya yanka rago. Haka dai ake yi wa kowace tawaga, wannan ce ta biyar.

Kafin su tafi, mai takalmi mai ƙyallin nan ya ja Laftana gefe. Sai ga Laftana ya zo yana sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, don Allah ka sa wannan." Jan kwat ne, ja wur, irin na masu gyaran titi. Kwamared kuma aka rataya masa ƙararrawa. Na ce to, ashe ƙara wa jarrabawar wuya aka yi, ba laifi. Kwat ɗin ma da ɗumi.

Da lokacina ya yi muka kama hanya, ƙararrawa na ta ƙara. Kin san gidan shugaban ƙauye a bakin hanya yake. Ina wucewa matarsa Azizmo ta hango ni, ta ce, "Oshurbek, ka wuce ƙofarmu ana cin abinci? Wallahi ba ka isa ba!" To ya zan yi? Na ɗaure Kwamared da buhunsa a bakin ƙofa, na tuɓe kwat don kada ya yi maiƙo, na shiga.

Kanar ɗinku mutum ne mai girmama na gaba. Ya matsa mini wuri kusa da shi, ya yanko kitsen wutsiyar rago ya ba ni da hannunsa. Ya ce, "Baba, yau za mu kama wani tsohon ɗan duniya a garin nan." Na ce Allah Ya ba da sa'a. Ya ce, "Ka san shi?" Na ce tun yana yaro. Ya ce wane irin mutum ne? Na ce ba ya jin magana, matarsa ma haka take cewa. Ya yi dariya har da buga cinya. Na ci shinkafa, na sha shayi, na yi godiya, na mai da kwat, muka ƙarasa gidan niƙa.

An ce da labari ya je wa Kanar, shayi ya sarƙe shi. Ki yi masa sannu.

Saura ɗaya. In sha Allahu uku cif zan cika miki.

Baffanki,
Oshurbek

*

Dushanbe, 9 ga Mayu

Baffa,

Ina gaisuwa. Ba ni da lafiyar tambayar maraƙa yau.

Kitsen wutsiya! A hannunsa! Duk ma'aikata an sani, har masu shara, in ya wuce sai a riƙa tari. Ni kuwa ko gaisuwata ba ya amsawa. Jiya ya ce mutumin da ya iya ɓace wa na'ura irin wannan, a bincika da wa yake hulɗa a tsallaken kogi, a bincika wanda ya kawo sunansa ma. Ka ji inda muka kai.

Na rubuto maka tun ashirin ga watan jiya, tana can bayan dutse. Abin da ta ce shi ne: ka bari a kama ka. Na ƙarshe ranar ashirin da biyu ne, ni ma za a zo da ni, don a wurin za a sa hannu. In ba a gan ka ba, ba gida, ba aiki.

Girman kai ne, Baffa, ko me? Jakar wasiƙunka ta fi 'yar ɗan'uwanka? Kuma don Allah ta ina kake bi?

Nekbaht

*

Tangdara, 14 ga Mayu

'Yata,

An buɗe hanya, Hushwaht ya kawo mini takardunki biyu rana ɗaya. Na karanta ta farko na ji kunya, na karanta ta biyu na ji zafi. Innarki ta ce in bari sai na huce kafin in amsa. Na jira har shayi ya huce, ni ban huce ba.

Ta ina nake bi? Ta kan hanya, tsakiyarta ma. Ashe da gaske ba ku sani ba? Na ɗauka gwada ni kuke yi. To ke ba laifinki ba ne sosai, kina da shekara bakwai aka tafi da ke birni. Amma a nan aka yanke cibiyarki, Nekbaht, har kin manta iskar garinku?

Kullum, daga narkewar ƙanƙara har kaka, da azahar iska ke tasowa ta biyo kwarin nan, ba ta kwanciya sai rana ta faɗi. Farar Saniyarku ba ta iya tsayuwa a cikinta, igiya za ta tsinke. Saboda haka da ta fara kaɗawa sojoji ke naɗe igiya, su sauko da ita, su lulluɓe ta da tamfol. Daga azahar zuwa magariba gwamnati ba ta da ido. Kowa ya sani. Mata sun sani, da ta sauka suke tuɓe gyalen biki. Kwamared ya sani. Kina tsammanin na tsallaken kogi ne ba su sani ba?

Na tambayi Laftana me ya sa bai rubuta ba. Ya ce ya rubuta sau biyu, aka dawo masa da takardar wai ya gyara. Ya ce kamfani ya auna iska a filin jirgin Dushanbe. Manyanku kuwa, tawaga biyar, ba wanda ya taɓa ganin azahar ɗinmu a waje. Duk suna cikin ɗaki hannu a shinkafa, in sun fito sai barci, in sun tashi sai tafiya.

Kin ce girman kai. Akwai shi, ba na musu. Amma ki ji sauran. Shodmon ba da dare ya fara karɓar hodar nan ba. Da rana tsaka ake ba shi, a ƙarƙashin tsohuwar gada, ina wucewa da jakata ina gaishe su. Shekara biyu ban gani ba, ni da nake taƙama na san kowane dutse. Ranar da na gani, wankan gawa muka yi masa. Da aka kafa Farar Saniya na yi murna ƙwarai, na ce ga wanda zai ga abin da uba bai gani ba. Sai ga ta ita ma makauniyar rana ce irina. Goma sha biyu za ku saya?

Duk da haka ke 'yata ce, kuma ubanki ya taɓa goyo na daga kan dutse har gida da karyayyar ƙafa. Ranar ashirin da biyu zan fita da hantsi da jan kwat, in tsaya inda za a gan ni. Za ki sami abin da za ki sa wa hannu, ba zan ƙara cewa komai ba.

Abu ɗaya nake roƙo. In kin zo, kada ki ci abincin rana. Na san abin da na ce, na san Azizmo. Ki tsaya a waje kawai.

Baffanki,
Oshurbek

*

Dushanbe, 2 ga Yuni

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kai da Inna da maraƙa da Kwamared. Ka yafe mini tafiya ba sallama, tura ni mota aka yi kamar buhu. Bari in ba ka abin da ba ka gani ba.

Da safe kana tsaye kana kaɗa jan kwat, ni ina cikin tanti wurin talabijin ɗin kyamara. Minti arba'in suna neman ka. Sun gano akuya, sun gano wankin Inna, sun gano Inna kanta tana nuna musu gurasa. A ƙarshe wani soja ya leƙa waje ta ƙofar tanti ya ce, "Ga shi can fa." Sannan aka juya kyamara. Aka tafa, Kanar ya rungumi mai takalmi mai ƙyalli. Na ga fuskarka lokacin da suka sauke buhun daga bayan Kwamared. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Aka tafi cin rago. A bakin ƙofa na ce haƙori ke damuna. Azizmo ta ce nama ya dahu luguf, ko jariri zai ci. Na ce cikina ne. Ta ce ga romo. Na ce iska nake so in sha. Ta biyo ni da faranti har bakin hanya tana cewa, "Me muka yi miki? Uwarki ta ci a gidan nan, kakarki ta ci a gidan nan! Ko abincin ƙauye ne bai kai ba?" Har ta fara hawaye. Wallahi Baffa, fuskantar Kanar ya fi sauƙi.

Ɗaya saura kwata bishiyoyi suka fara rusunawa. Iska ta fizge ɗankwalina, ta kwashe shinkafar farantin Azizmo ta watsa wa kaji. Sai na tuna ta. Na tuna Babana yana riƙe hannuna a hanyar nan yana cewa in rufe baki. Ina kallo sojoji suka naɗe igiya, abin da muka yi shekara biyu muna rubuta wa takardu ya kwanta ƙasa aka rufe shi da tamfol. Ba a yi rabin sa'a ba, sai ga mutum uku a tsallaken kogi sun gangaro da baƙar robar taya ta ƙetare ruwa, da ƙunshi a ka. Ko sauri ba sa yi, kamar ma'aikatan da suka san lokacin buɗe ofis.

Na ruga ciki na ce, "Ranka ya daɗe, fito ka gani!" Ya ce, "Bayan shayi." Ya miƙo mini takardar shaida da alƙalami, kowa ya riga ya sa hannu, saura ni. Takardar mai lamba ce, ba a yaga ta, ba a sake wata. Na tuna taga biyu da famfo. Sai na rubuta a saman wurin sunana: Wannan na'ura tana gani daga safe zuwa azahar, daga nan sai iska. Na sa hannu, na buga hatimi.

Bai lura ba sai da aka kawo kankana.

An dakatar da sayen goma sha biyun. An kafa kwamitin auna iska, za su zo garinku wata mai zuwa. Na ce a tabbata sun kai azahar a waje, aka ce ba a tambaye ni ba. Ni kuwa an gode mini bisa shekara tara na aiki. Gidan an ba ƙanwar direban Kanar. Ɗakin masauki ma na ma'aikata ne, sai mu fita kafin ƙarshen wata. Parwona ta tambaye ni ina za ta sa teburinta, na ce muna dubawa.

Ina jin haushinka, Baffa, ba zan yi ƙarya ba. Amma da za a maido takardar, abin da zan sake rubutawa ke nan. Ban san inda za mu nufa ba.

'Yarka,
Nekbaht

*

Tangdara, 8 ga Yuni

'Yata Nekbaht,

Takardarki ta iso a kwana uku, Hushwaht ya fara jin magana. Wannan karon kin ninke ta daidai.

Muna lafiya. Tut ya nuna, yana zuba ba mai tsincewa. Labari biyu ne, sai na uku.

Na farko, buhun nan. Da kuka tafi na je tanti na ce a ba ni kayana. Laftana ya ce, "Baba, ai an gama jarrabawa." Na ce jarrabawarku ce ta ƙare, mai niƙa yana jira. Da la'asar na kai shi. Uku cif, kamar yadda na ce.

Na biyu, Azizmo. Ta ce ba ta yafe ba, kuma ba za ta yafe ba sai kin zauna a gidanta kin cinye faranti biyu tana kallo. Tun da aka ce kwamitin iska na zuwa, mijinta ya sayi wani ragon. Ni kuma na yi shawara da mai niƙa, ranar za mu ɗauke ragon mu ɓoye shi har la'asar. In aka kama ni, ki san a kan aikin gwamnati ne.

Na uku. Na karanta wa Innarki takardarki. Da na zo wurin teburin Parwona, sai ta tashi. Ta ciro mabuɗin nan daga wuyanta. Shekara goma sha huɗu, ko ni ban isa in taɓa ƙofar ba. Ta buɗe, ta tsaya a bakin ƙofa ta yi kukanta, ni ma na yi nawa a bayan saniya. Sannan ta buɗe tagogi, azahar ta yi, iska ta shiga ta yi mata rabin sharar.

Taga biyu ne, kin tuna? Ba famfo, amma rafi na bayan katanga, kuma ba layi. Teburin Shodmon na nan, ƙafa ɗaya ce ta yi gajarta, na sa mata dutse. Makarantarmu na neman wanda ya iya rubutu, shugabanta ya ce wadda ta rubuta layin nan ta iya.

Na gaya wa Hushwaht ya ajiye muku kujera biyu ranar ashirin da takwas, ta gaba. Ku fito da wuri. In azahar ta same ku a hanya, ki ɗaure wa Parwona ɗankwali da kyau, ki ce ta rufe baki.

Baffanki,
Oshurbek